Ɗaga kaya masu nauyi a wurin aiki: abin da ya kamata leburorin Briqueterie su sani

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da zama, matasa da yawa na cin abinci daga aikin gini da dako. Kullum ana haurar da bulo, rodi da siminti saman bene, wani lokaci da ƙugiyar ɗaga kaya, galibi kuma da igiya da bokiti. Lungunan unguwar matsattsu ne, don haka kayan da suka suɓuce kan iya faɗa wa mai wucewa, ba lebura kaɗai ba.

Abin da doka ta ce

Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta 14 ga Agustan 1992, da umarnin minista mai lamba 039 na 26 ga Nuwamban 1984, sun ɗora wa mai aikin alhakin kare lafiyar ma'aikatansa. Hukumar CNPS ce ke biyan magani da diyya idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, kuma wajibi ne mai aikin ya kai mata rahoto cikin kwana 3 na aiki. Leburan da ba a yi wa rajista ba yakan sha wahala kafin ya sami haƙƙinsa.

Ƙa'idojin ɗagawa

- A san nauyin kayan tukuna, kada a wuce adadin da aka rubuta a jikin na'urar.
- A duba igiya, sarƙa da ƙugiya kowace safiya. Wadda ta fara tsinkewa ko ta lanƙwashe, a jingine ta.
- Idan igiya biyu ke riƙe da kaya, buɗewarsu na ƙara musu nauyi. A kusurwar digiri 120, kowace na ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya.
- Mutum ɗaya ne zai riƙa ba direba alama.
- Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kayan, kuma ba a ɗaga mutum da na'urar kaya.
- A nisanci wayar lantarki, a kuma dakata idan iska ta taso.

Guguwa ce ta kayar da ƙugiyar da ta hallaka mutum fiye da 100 a Masallacin Harami na Makka ranar 11 ga Satumban 2015.

Ga 'yan dako kuwa, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara a 1967 cewa kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne, ke nan buhu biyu a ka ya wuce kima nesa ba kusa ba.