Digirin Jiyoloji da Matsayin Aikin Fili a Jami'o'in Arewacin Nijeriya

Jiyoloji shi ne ilimin da ke nazarin duwatsu da ma'adinai da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, tare da tarihin samuwarsu da sauyawarsu cikin miliyoyin shekaru, kuma ya bambanta da labarin ƙasa, wanda ya fi mayar da hankali ga abin da ke bisa doron ƙasa da zaman mutane a kansa. A mafi yawan jami'o'in Nijeriya ana kammala digirinsa cikin shekara huɗu, a jami'o'in fasaha kuwa shekara biyar, kuma ba a ɗaukar ɗalibi sai ya ci lissafi da fiziks da kemistiri a jarrabawar kammala sakandare. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne cewa ƙimar wannan digiri ta rataya ne a kan aikin fili, wato fitar ɗalibi da malaminsa zuwa inda dutse ya bayyana domin su auna shi su zana taswirarsa, kuma duk jami'ar da ta tauye wannan sashe saboda tsada ko rashin tsaro tana yaye mutanen da suka haddace sunayen duwatsu alhali ba za su iya nuna wa mai haƙar rijiya inda zai kafa dagi ba.

Karatun aji yana da nasa nauyin. Bayan shekarar farko ta kimiyya gaba ɗaya, ɗalibi yana shiga nazarin ma'adinai, waɗanda su ne ƙwayoyin da dutse ya haɗu daga gare su, sannan ya koyi rabe-raben duwatsu uku: waɗanda suka daskare daga narkakken dutse, kamar giranit, waɗanda suka samu daga yashi da laka da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa har suka ƙame, da waɗanda zafi da matsi suka rikiɗa a can cikin ƙasa ba tare da sun narke ba. A ɗakin gwaji ana yanka dutse a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi, a duba shi da na'urar hangen ƙananan abubuwa, kowane ma'adini ya nuna launinsa da tsarinsa. Sai dai dutsen da ke ɗakin gwaji an riga an raba shi da maƙwabtansa, kuma yawancin tambayoyin da ake biyan masanin jiyoloji domin ya amsa sun shafi maƙwabtaka ne: wane dutse ne ya riga wane, wanne ya kutsa cikin wanne, ta ina tsaga ta bi, kuma mene ne a ƙarƙashin gonar da ba a ganin komai a kanta sai dawa.

Aikin fili shi ke koyar da amsa irin waɗannan tambayoyi. Ana ba ɗalibi yanki na wasu murabba'in kilomita, ya shiga da guduma da ƙaramin gilashin ƙara girma da littafin rubutu da kamfas mai auna karkata, da kuma 'yar kwalbar asid mai rauni wanda ke tafasa idan ya taɓa dutsen farar ƙasa. A duk inda dutse ya fito yana rubuta nau'insa, ya auna fuskar da shimfiɗarsa ta miƙa da kusurwar da ta nutsa cikin ƙasa, ya sa alama a taswira. Wahalar ita ce a ƙasar Hausa turɓaya da marmara sun rufe mafi yawan duwatsu, don haka dole ya bi ƙoramu da rani, ya duba inda hanya ta yanke tudu, ya leƙa tarin ƙasar da aka fitar daga sabuwar rijiya. Daga waɗannan 'yan shaidu da ke warwatse ne zai gina hoton abin da ba ya gani, ya ja iyakar da ke tsakanin dutse da dutse a wuraren da babu wanda ya taɓa ganin iyakar, sannan ya kare wannan hukunci a gaban malamansa. Ɗalibai biyu na iya fita yanki guda su dawo da taswira biyu mabambanta, kuma muhawarar da za ta biyo baya a kan wace ce shaidu suka fi goyon baya ita ce zuciyar horon, domin a nan ne ɗalibi ke koyon rarrabe abin da ya gani da abin da ya zata.

Abin takaici ne a ce wannan horo yana raguwa a yankin da Allah ya hore masa kusan kowane babin littafin a fili. Kano da Zariya da Gusau suna zaune ne a kan tsohon harsashin ƙasa, wato duwatsun da suka girmi bayyanar dabbobi masu ƙashi, waɗanda wani gagarumin karon sassan ɓawon duniya ya murɗe kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma Dutsen Kufena da ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ke hange yana daga cikin giranit na wancan zamani. A tsaunukan Jos akwai wani jerin giranit mafi ƙuruciya, wanda ya samu a tushen tsofaffin duwatsu masu aman wuta, shi ya sa yake fitowa zobe-zobe a taswira. Wannan jeri ya taso daga duwatsun Azbin a Nijar, inda shekarunsa suka haura miliyan 400, ya ratso Damagaram, yana ƙara ƙuruciya yayin da yake gangarowa kudu, har zuwa Afu a Jihar Nasarawa inda yake da kimanin shekara miliyan 140. Daga cikinsa kuza da kolombait suka fito, kuma a Riruwai ta Jihar Kano, wadda take ɗaya daga cikin waɗannan zobba, mutanen ƙasa sun daɗe suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa.

Kwarin Sakkwato kuwa wani labari ne daban. Kwari a wannan ilimi yana nufin faffaɗan yankin da ya lotsa, yashi da laka suka cike shi, kuma na Sakkwato gefen kudu maso gabas ne na wani babban kwari da ya mamaye yammacin Nijar har zuwa Mali. Kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ta malale wannan wuri, ita ta bar dutsen farar ƙasa na Kalambaina da masana'antar siminti ta Sakkwato ke dogaro da shi, ita kuma ta bar ƙasusuwan wani katafaren mai jan ciki na ruwa da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, saboda a yankin Goronyo aka samo shi. A gabas akwai kwarin Binuwai, wanda ya tsage lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, da kwarin Chadi mai matakan ruwa uku a ƙarƙashin Borno.

Tarihin fannin a Nijeriya ya bayyana dalilin da ya sa ake yi masa gurguwar fahimta. Turawan mulkin mallaka sun fara binciken ma'adinai a farkon ƙarni na 20, suka kafa Hukumar Binciken Jiyoloji ta Nijeriya a 1919, wadda ta daɗe da hedikwata a Kaduna, kuma abin da ya fi damunsu shi ne abin da za a haƙa a fitar waje, musamman kuzar Jos. Da aka gano man fetur a Oloibiri a 1956, sai hankali ya karkata can, har ta kai yawancin masu neman wannan digiri da iyayensu suna kallonsa a matsayin ƙofar kamfanin mai. Sanarwar gano mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, da ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022, sun ƙara wa wannan fata ƙarfi a Arewa. Fatan ba laifi ba ne, amma harkar mai ba ta ɗaukar masana da yawa idan aka kwatanta da yawan waɗanda ake yayewa, alhali akwai buƙatu biyu da ke jiran su a kusan kowace ƙaramar hukuma, kuma dukansu ba sa yiwuwa sai da ƙwarewar fili.

Ta farko ita ce ruwa. A kan tsohon harsashin ƙasa, wanda ya kai kusan rabin faɗin Nijeriya, lafiyayyen dutse ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsagogin da suka ratsa shi, shi ya sa rijiyar burtsatse guda za ta ba da ruwa, wata kuma da ke 'yan taku kaɗan daga gare ta ta fito a bushe. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen zaɓen wuri ita ce a kafa turakun ƙarfe a ƙasa a tura lantarki, a auna yadda ƙasar ke tirje masa a zurfi daban-daban, tun da jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse ya fi lafiyayye sauƙin ratsawa. Amma yumɓu ma yana barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, ga shi kuma ba ya sakin ruwa, don haka alƙaluman na'ura kaɗai na iya yaudarar wanda bai san duwatsun wurin ba. Duk rijiyar da aka haƙa a inda bai dace ba, kuɗin jama'a ne suka salwanta, mata da yara kuma suka ci gaba da tafiyar ɗibar ruwa.

Ta biyu ita ce haƙar ma'adinai ta hannu, kuma abin da ya faru a Zamfara ya isa hujja. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, saboda dutsen zinaren da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa da niƙawa yana ɗauke da dalma mai yawa. Asalin dalmar daga galina ce, ma'adinin nan mai ƙyalli da ake tozalin gargajiya da shi, kuma ruwa da iska sun riga sun sauya wani sashe nata zuwa nau'in da ke saurin narkewa a cikin ɗan'adam, ƙurar ta bi abinci da hannuwan yara ta shiga jininsu. Irin wannan ya sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja a 2015. Gane galina a jikin dutse darasi ne na ɗalibin shekara ta biyu, amma ilimin bai hana komai ba, domin masu shi ba sa bakin ramukan, masu ramukan kuma ba wanda ya taɓa yi musu bayani da harshen da suke ji.

Wannan ya kai ga babbar matsalar yau. Duwatsun da ke ɗauke da zinare a Arewa maso Yamma suna cikin wasu dogayen zirara na rikiɗaɗɗun duwatsu da suka bi ta Anka da Maru da Zuru da Birnin Gwari, kuma waɗannan su ne wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba, har gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. Babu malamin da za a zarga don ya ƙi kai ɗalibai can. Ga kuma tsadar mota da masauki da abinci, wadda sau da yawa take faɗawa kan ɗalibi, abin da ke sa a taƙaita kwanakin fita. Watannin horon masana'antu da aka fi sani da SIWES ba sa cike wannan gurbi, saboda ɗalibi yana zuwa ne ya kalli aikin wasu, ba a ɗora masa alhakin yanke hukunci.

Akwai masu ganin cewa fasaha ta rage buƙatar tattaki, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna manyan tsagogi da ido ba zai gane su daga ƙasa ba, kuma tsakanin 2003 da 2010 an auna maganaɗisun duwatsun kusan dukan Nijeriya daga jirgin sama, bayanan suna hannun hukumar binciken jiyoloji. Wajibi ne ɗalibin yau ya iya sarrafa irin waɗannan bayanai a kwamfuta. Sai dai awon da aka yi daga nesa yana da wata tawaya da masana suka daɗe da sani, ita ce tsarin duwatsu iri daban-daban na iya ba da alƙalami iri guda, ƙaramin abu da ke kusa da sama ya yi kama da babban abu da ke can ƙasa, kuma ba abin da ke raba gardama sai a je a duba ko a huda. Wanda bai taɓa bin tsaga da ƙafa ba yakan ɗauki duk layin da ya gani a hoto a matsayin tsaga, ko da tsohuwar hanyar shanu ce.

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin hukumomi ba. Kamata ya yi jami'a ta ɗauki kuɗin aikin fili a matsayin kuɗin ɗakin gwaji, ta sa shi a kasafinta, kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tare da majalisar da ke yi wa masana ma'adinai da jiyoloji rajista, wato COMEG, su riƙa neman ganin taswirorin da ɗalibai suka zana da hannunsu kafin su amince da kowane sashe. Sassan da ke yankunan da babu tsaro na iya haɗa gwiwa da takwarorinsu su yi sansani guda a inda ake iya shiga, irin wannan tsari kuma zai sauƙaƙa wa ɗalibai mata, waɗanda iyayensu ke da haƙƙin sanin inda za su kwana da wanda ke kula da su. Akwai kuma wata taska da aka yi sakaci da ita: kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa tana fito da garin dutse daga kowane zurfi, kuma tsofaffin masu haƙar rijiya sun san jerin ƙasar garuruwansu gaba da gaba. Idan aka ɗora wa ɗaliban shekarar ƙarshe aikin tsayawa a bakin waɗannan ramuka suna rubuta abin da ke fitowa da zurfin da aka tarar da ruwa, sashen ya riƙa tattarawa shekara bayan shekara, jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri za su mallaki taswirar ruwan ƙarƙashin garuruwansu, wadda hukumomin ruwa na jihohi za su iya dubawa kafin su ba da kwangilar haƙa.