Ƙofar Na'isa da Hanyar Mota

Ya ku 'yan makaranta, ran nan ina koya wa yarana tarihin ƙasar Hausa, muka zo kan labarin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Na ce musu Ƙofar Na'isa tana cikin ƙofofin da a ke ambata a aikinsa, watau ta yi shekara wajen 500 ke nan. Sai wani yaro wanda gidansu ke kusa da ita ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ashe mutanen dauri sun san siminti?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, gama yaron bai yi wauta ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ƙofar da ya ke bi kullum safiya ta siminti ce. Wadda ni ke ba su labari an rushe ta cikin watan Afrilu na 2010, don a faɗaɗa hanyar mota, tun ba a haife shi ba. To, shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin tun daga tushe.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jera sarakuna tun daga Bagauda, ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa. Masana sun lissafa zamaninsa daga 1095 zuwa 1134. Ba da ƙarfi ya fara ba, sai da ya shawarci mutanen gari suka yarda, sa'an nan aka soma daga Rariya, ya yanka shanu 100 ran da aka fara. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa aikin. Ƙofofi 8 ke gare ta a lokacin, waɗansunsu kuwa har yau muna kiran sunansu, kamar Mazugal da Waika da Kansakali. Da gari ya cika, Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ja ganuwa wajen kudu, ta rungumi gidan sarautar da ya gina. A nan ne sunan Ƙofar Mata da na Na'isa suka shiga labari.

Ƙari na uku shi ya fi daɗin ji. A zamanin Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623, Sarki ya fita yaƙi ya bar Wambai Giwa a gida. Wambai ya so ya yi abin da zai faranta wa ubangidansa rai in ya komo, sai ya ja sabuwar ganuwa ta Gadon Ƙaya, da Dukawuya, da Kabuga, har ta haɗu da tsohuwa a Kansakali. Tarihin ya ce kowace safiya ya kan kawo wa ma'aikata ƙwarya 1,000 ta abinci da shanu 50, kuma ba namijin da ya rage a Kano bai fito aiki ba. Ko da mun ce mai ba da labari ya ƙara gishiri cikin lissafin shanun, ku dubi abin da ke ƙarƙashin maganar. Ba katafila, ba mota, ba ko baro. Ƙasa ce a kan haƙo, a kwaɓa da ƙafa, a mulmula tubali da hannu, a ɗauka a ka. Ramin da aka haƙo ƙasar shi ya zama gwalalo a waje, aka bar sarƙaƙiya ta cika shi, don kada doki ya matso.

Gini na ƙasa kuwa abu ne mai rai, ku riƙe wannan. Dutse in an aza shi an gama, amma ƙasa kullum damina sai ruwa ya ci rabonsa. Sabo da haka in ruwa ya ɗauke a kan yi gayya, a toshe inda ya zaizaye, a yi sabon yaɓe. Watau ganuwar nan ba sau ɗaya aka gina ta ba, kowane zamani ya sa mata hannu. Kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofarta, shi ke buɗewa da safe, ya rufe da faɗuwar rana. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya zo Kano cikin 1824, ya ƙidaya ƙofofi 15, ya ce ƙyamarensu na itace ne an lulluɓe su da ƙarfe, ya kimanta tsawon ganuwar sama ƙafa 30.

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Morland ya iso da sojan Turawa, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Suka kafa igwa suka buga wa ganuwar, ko gezau, ƙasa ta haɗiye harsashi. Sai da suka juya kan ƙyauren ƙofa kana suka sami shiga, ta wajen Kabuga. Gwamna Lugga da ya zo daga baya ya rubuta wa manyansa a Ingila cewa kewayenta mil 11 ne, kaurinta a gindi ƙafa 40, tsawonta ƙafa 30 zuwa 50, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Wannan shaidar abokin gaba ce, ba ta maroƙi ba.

Daga ran nan aikin ganuwa na tsaron gari ya ƙare, gayyar yaɓe kuma ta mutu a hankali. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, mota ta biyo baya. Ƙofofin dauri kuwa an yi su ne da gangan ƙanana, daidai mahayi ko raƙumi da kayansa, don maƙiyi kada ya shigo da yawa gaba ɗaya. Abin da ya zama dabara ran yaƙi shi ya zama cikas ran kasuwa. To, yaya mutanen wancan lokaci suka yi? A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka bukaci wata mashiga tsakanin Ƙofar Nassarawa da ta Ɗan'agundi, sai aka huda ganuwa cikin 1937, aka yi Sabuwar Ƙofa. Ƙofar Famfo ma sunanta ya isa ya gaya muku ba ta zamanin Rumfa ba ce. Ashe Kano ta daɗe da sanin yadda a ke buɗe sabuwar ƙofa ba tare da an kashe tsohuwa ba. Gijimasu ya bar 8, na bayansa suka yi ta ƙari. Ƙari su ke yi, ba musanya ba.

Hukuma kuma ba ta yi barci ɗungum ba. An kafa dokar kiyaye kayan tarihi a Nijeriya cikin 1953, aka sa ganuwar Kano da ƙofofinta cikin abubuwan da ƙasa duka ta ɗauki nauyin tsaronsu. Wani malami Bature, H. L. B. Moody, ya bi ta ƙofa ƙofa ya rubuta littafi a kanta, wanda ya fito wajen ƙarshen shekarun 1960. Cikin 1979 aka yi sabuwar doka wadda ta kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi, ta hana kowa rushe irin waɗannan wurare ko sake musu kama sai da izninta. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Jamus ta ba da gudummawa, magina suka gyara wani sashe na ganuwar da waɗansu ƙofofi da ƙasa, yadda aka gada. Cikin 2007 Nijeriya ta miƙa sunan ganuwar ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da ta ke fatan a karɓa su zama gadon duniya duka.

Shekara uku bayan wannan katafila ta hau Ƙofar Na'isa. Ina ɗan makaranta a lokacin, na je na gani da idona, tarin jar ƙasa da guntayen azara, mutane sun yi cirko-cirko. Ma'aikatan gidan tarihi suka yi kuka, suka ce an keta doka. Malaman tarihi suka yi magana, jaridu suka buga, har labari ya kai ƙasashen waje. Masu aikin hanya suka ce ai za a mai da ƙofar, har ta fi ta da girma. Aka kuwa mai da ita, da kankare da rodi. Duk kukan nan ihu ne bayan hari. A shekarun da suka biyo aka sake waɗansu ƙofofin haka nan, aka yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, aka haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga.

Kada ku ce malamin nan maƙiyin hanya ne. Wanda ya taɓa ɗaukar mace mai naƙuda cikin a-daidaita-sahu, ya tarar da cunkoso a bakin ƙofa, ba zai yi wa faɗaɗa hanya ba'a ba. Birnin da a da akwai gonaki cikinsa yau ya cika ya batse, mutane kuwa dole su fita neman abinci su komo. Hanya wajibi ce. Inda na rabu da masu katafila shi ne wurin da suka aza ta. Hanya tana tanƙwaruwa. Injiniya yana iya karkatar da ita taku kaɗan, ya huda ganuwa a gefe, ya bar tsohuwar ƙofa ga masu ƙafa da masu keke. Lalle wannan zai ci kuɗi, watakila a biya diyyar gida biyu ko uku, ba na musun haka. Amma kuɗi a kan same su wata shekara. Tubalin da aka mulmula zamanin Rumfa fa, a wace kasuwa za a sayo shi? Ƙofar siminti suna kaɗai ta gada. Ba ta nuna wa yaro kaurin bangon da ya gagari igwa, ba ta nuna masa ƙuncin mashigar da ta sa mutum goma su tare ɗari, sai ma ta koya masa kuskure, kamar yadda ta koya wa ɗalibina.

Ba Kano kaɗai ta gamu da wannan gardama ba. A Ingila akwai wani tsohon birni, York, mai ganuwar dutse. Cikin 1800 mahukuntan garin suka nemi su rushe ta, wai ta tsufa, ƙofofinta sun matse wa kekunan doki hanya. Mutanen gari suka ƙi, cikinsu har da wani mai zane, William Etty, aka yi shekaru ana ja. Ba su ci duka ba, an rushe waɗansu sassa na gaban ƙofofin. Amma ganuwar ta tsira, aka huda mashigai a gefen tsofaffin ƙofofi, har jirgin ƙasa da ya zo ta wata huda ya shiga. Yau mutane na zuwa daga nesa su yi yawo bisa kanta, tafiyar wajen mil 2. Abin lura shi ne mutanen York sun tashi tun ganuwarsu na tsaye.

A Beijin kuwa, babban birnin ƙasar Sin, wani masanin gini mai suna Liang Sicheng ya roƙi hukuma cikin 1950 ta bar tsohuwar ganuwa, a mai da bisanta wurin shan iska, a yi sabon gari a gefe. Ba a ji maganarsa ba. Aka rushe ta, aka shimfiɗa titin da ya kewaye gari a gurbinta, da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wata babbar ƙofarsu, Yongdingmen, an rushe ta cikin 1957, bayan shekara kusan 50 kuma suka sake gina kwaikwayonta da kuɗi masu yawa.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, katafila ba ita kaɗai ta ci ganuwar Kano ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun kafin ɗan kwangila ya zo, mu da kanmu muka yi ta ɗibar ƙasarta muna tubali, muka mai da gwalalo juji, muka kafa gidaje da shaguna bisa gadonta, waɗansu da takardar hukuma, waɗansu ba ko takarda. Mafi yawanta ta riga ta tafi ta wannan hanya. Mutumin da ya ga masu abu sun wulakanta shi, ina zai ji nauyin turo masa katafila? Abin kunya ma, a gidan tarihi na Jos an gina kwaikwayon wani sashe na ganuwar Kano da ƙasa, don a nuna wa baƙi gwanintar maginan Hausa. Kada a wayi gari Bakano sai ya biya kuɗin mota zuwa Jos kana ya ga yadda ganuwar garinsu ta ke.

Cikinku akwai waɗanda za su zama injiniyoyi, da safiyo, da ma'aikatan ofishin filaye, wata rana kuwa takardar wata hanya za ta zo teburin ɗayanku. Kafin ran nan, ga aikin da na ba yarana, ku ma ina ba ku. In an yi hutu, ku je Gidan Makama ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofi da aka ajiye, ku dubi yadda maƙera suka haɗa ƙarfen. Sa'an nan kowa ya nufi ƙofar da ta fi kusa da gidansu, ya gai da dattawan unguwa da ladabi, ya tambayi wane ne Sarkin Ƙofa, da inda tsohuwar mashiga ta ke kafin a yi kwalta. In akwai sauran ganuwa tsaye, ya auna tsawonta da taku, ya zana kamarta, ya rubuta ranar da ya auna. Na Katsina da na Zariya su yi haka a nasu garuruwa. Ku kai wa malaminku takardun ya ajiye a makaranta, baɗi war haka 'yan ajin da ke bayanku su koma su sake aunawa, a gwada da naku.