Afolo, Ciwon Maƙeran Jirgi, da Sunan da Asibiti Ba Ya So

Bahaushe bai yi rowar suna ga cututtukan ido ba. Akwai hakiya, akwai yanar ido, akwai dundumi ga wanda ganinsa ke ɗaukewa da zarar magariba ta yi, akwai hazbiya ga ƙurjin bakin fatar ido. Duk waɗannan tsofaffin 'yan gida ne. Afolo ne baƙo a cikinsu, kuma shi kaɗai ne za a iya faɗin shekarar saukarsa.

A tsakiyar 1969 wani irin jan ido ya ɓulla a kewayen Akara, babban birnin Gana. Mutum zai kwana lafiya, ya tashi ido ya kumbura, yana tsiyayar hawaye, farin idon ya yi jajur saboda jinin da ya kwanta a ƙarƙashin tantaninsa, kafin kwana biyu ciwon ya gama gidan. A ranar 20 ga Yulin shekarar ne kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauke mutane a duniyar wata, maganar da ta cika gidajen rediyo. Jama'a suka haɗa abu biyun, har aka yi ta cewa ƙurar wata ce 'yan sama jannatin suka kwaso. Ciwon ya tsallako Najeriya da sunansa a goshi, bakin Hausawa ya lanƙwasa shi ya koma Afolo. Sunan ya yi tafiya fiye da yadda ake zato, domin har a Japan ana ce masa ciwon Apollo. Su Amurkawa daga wani gunkin tsofaffin Girkawa suka aro sunan kumbon, gunkin da masu bauta masa ke cewa shi ke saukar da annoba kuma shi ke yaye ta.

Wata bai san hawa ba bai san sauka ba. A farkon shekarun 1970 masanin Japan Reisaku Kono da abokan aikinsa suka gano ƙwayar bairos ɗin, aka sa mata suna Enterobairos 70, wato 'yar dangin ƙwayoyin da suka saba zama a hanji, dangi ɗaya da ƙwayar shan inna. Lokacin da irin wannan annoba ta isa Kalkata a 1971, tare da kwararar 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, sai mutanen birnin suka raɗa mata Joy Bangla, kirarin masu neman 'yancin ƙasar. Can an ɗora wa wata, nan an ɗora wa baƙi.

Matsalar Afolo a yau ita ce ya zama buhun da ake zuba kowane jan ido. A ciki kuwa akwai wani ciwon da ya girme shi da shekara tamanin, wanda kuma shi ne ainihin abin tsoron asibitocin ido. Likitocin Biyana a Ostiriya, ciki har da Ernst Fuchs, sun bayyana shi tun 1889. Ya yi suna ne a 1941, da ya kama dubban ma'aikata a wuraren ƙera jiragen ruwa na Hawai, ya zarce gaɓar yammacin Amurka, aka riƙa kiransa ciwon idon maƙeran jirgi. Wannan suna ma da sauran magana. Mai walda ko mai gugar ƙarfe, ɓurɓushi na yawan faɗa masa a ido, sai ya ruga ɗakin shan magani na kamfani a cire masa. Hannun da ya buɗe idon wancan, da kayan aikin da aka cire masa ɓurɓushi da su, su ne za su taɓa idon wannan. Ƙarfe ya ja su zuwa ɗakin, ɗakin ya raba musu ciwo. Laifi tudu ne: ba a taɓa jin an yi yayin kiransa ciwon ɗakin likita ba.

A 1942 likitoci biyu na San Faransisko, Hogan da Crawford, suka ba shi dogon sunan da ake taƙaitawa da haruffa uku, EKC. Harafin farko annoba yake nufi. Na biyu daga kalmar Girkanci ta ƙaho ya fito, da ita suke kiran fatar nan mai garai-garai da ke rufe baƙin ido. Na uku shi ne tantanin farin ido. A 1955 Ernest Jawetz ya ware ƙwayar daga idon wani matuƙin jirgin ruwa, ita ce adenobairos nau'i na 8. Ita ma sunanta na inda aka fara tsintarta ne a 1953, wani nama da ke can bayan hanci, ba ido ba.

Harafin tsakiyar nan shi ne bambancin da ya fi muhimmanci. Afolo na asali mai gaggawa ne: kwana ɗaya ko biyu da ɗauka ya bayyana, mako guda ko ɗan fiye ya kama gabansa. Na adenobairos kuwa ɗan sari-ka-noƙe ne. Yakan yi kusan mako guda, wani lokaci har biyu, kafin ya nuna kansa, yakan zo da kaluluwa a gaban kunne, mai shi kuma yana iya rarraba shi har tsawon mako biyu. Bayan jan ya wuce yakan bar ɗige-ɗigen hazo a saman baƙin ido, gani ya yi dishi-dishi na watanni, hasken fitilar mota ya riƙa damun mutum da dare. Wannan jinkiri ne ke ɓatar da sawu. Tsohuwar da aka auna idonta ranar Talata, idan ya yi ja a Larabar makon gaba, jikanta za ta zarga ko iskar hunturu, asibiti ba zai zo mata a rai ba.

A leƙa ɗakin duba ido da safe a ga hanyoyin. Mara lafiya ya ɗora haɓa da goshi a kan na'urar haska ido, ya kama hannayenta biyu da tafin da yanzu ya share kwantsa. Likita ya sa yatsa ya ɗaga fatar ido. An ɗiga maganin kashe zafi daga kwalbar da za ta zaga mutum ashirin, bakin kwalbar ya ɗan shafi gashin ido ba wanda ya lura. Sai tonomita, ma'aunin hawan jinin ido, wanda ɗan kansa ke taɓa ƙwayar idon kai tsaye. An goge da audugar sifirit, an ce "Baba, matso nan." Adenobairos ba ta da rigar kitsen da sifirit ke narkarwa, kuma takan yi makonni a raye a kan roba ko ƙarfe busasshe. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa jiƙa kan tonomita a ruwan bilic da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye, a busar. Inda hali ya yi, a yi amfani da kai na yarwa da kwalbar ɗigo ta mutum ɗaya.

Sauran matakan ba sa buƙatar kuɗi mai yawa, sai dai taurin rai. Mai jan ido tun daga ƙofa ake ware shi, kada ya zauna a benci ɗaya da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido jiya. Wasu manyan asibitoci sun keɓe ɗaki guda da kayansa, suna ce masa ɗakin jan ido, kuma a ganina cikin duk sunayen nan shi ne mafi gaskiya, tunda abin da aka gani ya faɗa bai zargi kowa ba. Safar hannu, wanke hannu da sabulu tsakanin mutum da mutum, jinkirta awon da ba na dole ba. Mafi wuya shi ne ma'aikacin da ya kamu: ƙa'ida ita ce ya zauna a gida har kusan mako biyu. A inda likitan ido ɗaya ne ga layi har bakin titi, kalmar "ɗan Afolo ne, zai wuce" ita ce ke dawo da shi bakin aiki a kwana na uku da baƙin tabarau. Tabarau na rage zafin haske, amma ba ya kare kowa, domin ba a ɗaukar ciwon da kallo kamar yadda ake faɗa a unguwa. Hannu ne, da tawul, da hankici, da tsinken kwallin da mata ke karɓa-karɓa.

Sunan yana ɓarna a kemis ma. Da an ce Afolo sai a miƙo ɗigon antibayotik, wanda ba ya taɓa bairos, ko mai sitiroyid a ciki, wanda ke iya tsawaita zaman ƙwayar ya kuma ta da hawan jinin ido. Masu zuba fitsari ko ruwan batir kuwa, waɗannan suna iya sauya ciwon mako biyu da makantar har abada.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar raɗa wa sababbin cututtuka suna: ban da sunan gari, ban da sunan mutum, ban da na sana'a ko na wata al'umma. Da yanzu ne, maƙeran jirgi da sun tsira. Afolo dai ya riga ya zauna a baki, ba mai tumɓuke shi, kuma ba laifi mara lafiya ya shigo da shi. Abin da bai kamata ba shi ne ya zarce cikin rajista. Ma'aikaciyar da ke karɓar kati, idan ta ji "Afolo", aikinta ta ƙara tambaya ɗaya ta rubuta amsar: "Malam, cikin mako biyun nan an duba maka ido a nan ko a wani wuri? Wace rana, wane ɗaki?" Mutum uku suka ambaci rana ɗaya da ɗaki ɗaya, a rufe ɗakin a wanke kayansa tun kafin sakamakon gwaji ya fito.