Yadda Gubar Nama Ta Zama Allurar Ciwon Muƙamuƙi

Ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Abin da kake ji yana motsi, shi ne gaɓar muƙamuƙi. Ranar da ta ɓaci, tauna kan zama wahala, hamma ta gagara, ciwon ya riƙa haurawa kunne da gefen kai. A Amurka da Turai yanzu akan yi wa masu wannan larura allurar Botox a kumatu. Ruwan da ke cikin allurar kuwa asalinsa guba ce, tana cikin mafi ƙarfi da ɗan'adam ya sani.

A kudancin Jamus aka fara gane ta. Mutanen yankin Württemberg kan cusa nama da jini cikin hanji su ajiye, in ya lalace wanda ya ci sai fatar idonsa ta saki, haɗiya ta gagare shi, numfashi ya tsaya. Likita Justinus Kerner ya bi diddigin masu cutar, ya wallafa bayani a 1820 da 1822, har ya ɗanɗana abin a harshensa don ya ji aikinsa. Ya lura cewa gubar na kashe motsi amma ba ta taɓa hankali, ya kuma yi hasashen cewa ɗan kaɗan daga cikinta zai iya kwantar da jikin da motsi ya yi wa yawa. Sai a 1895, bayan wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam sun ci naman alade a wajen jana'iza uku sun mutu, Émile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar da ke samar da ita. A 1949 aka gane sirrinta: tana tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka cewa ta ɗaure.

Wanda ya mai da ita magani likitan ido ne a San Francisco, Alan Scott. Yana neman hanyar gyara harara-garke ba tare da wuƙa ba. Ya gwada a kan birai, ya wallafa sakamakon a 1973, daga baya ya koma kan mutane. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin a Disambar 1989 don harara-garke da ƙiftawar ido marar tsayawa, sannan kamfanin Allergan ya saye shi ya raɗa masa suna Botox.

Duk wannan bai shafi muƙamuƙi ba. Kafin allura ta isa can, sai da likitoci suka sauya tunaninsu game da ciwon kansa, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin. A 1934 James Costen, likitan kunne a St. Louis, ya ce rashin haƙoran tauna na ciki ne ke sa muƙamuƙi ya dannu ya takura kunne. Shekaru da dama aka yi ana kan wannan fahimta, ana kankare haƙora ana gyara zamansu. A 1969 Daniel Laskin ya kawo wata magana: ga yawancin masu ciwon, gaɓar lafiyarta ƙalau, tsokar tauna ce ta gaji saboda cije baki da cizon haƙora cikin barci, wanda damuwa ke ƙara rurawa. Duk da haka ba a daina yanka ba. A shekarun 1980 an dasa wa dubban mutane a Amurka wani faifan roba na kamfanin Vitek a cikin gaɓar. Faifan ya riƙa marmashewa yana cin ƙashi, har hukuma ta sa aka janye shi a 1990. Wasu da aka yi wa dashen sun ƙare da ciwon da ya fi na farko. Bayan irin wannan, duk maganin da ba ya bukatar wuƙa, wanda kuma aikinsa ke gushewa da kansa bayan wata uku zuwa huɗu, dole ya sami karɓuwa.

Likitocin jijiya ne suka fara kai allurar tsokar muƙamuƙi, ga masu cutar da ke murɗe baki ba da son ransu ba. A 1990 wasu likitoci biyu a Beljiyam suka yi wa wani mai rauni a ƙwaƙwalwa da ke ta cizon haƙora allurar. A ƙarshen shekarun 1990 Brian Freund da Marvin Schwartz na Kanada suka gwada ta kan ciwon muƙamuƙi kai tsaye, kuma rahotonsu na 2000 kan mutum 46 ya nuna sauƙi. Allurar ba ta shiga gaɓar. Tsokar kumatu da ta gefen kai ake yi wa, don ƙarfin cizo ya ragu.

Sai dai a wancan gwaji kowa ya san abin da aka yi masa, kuma ciwo abu ne da sa rai kaɗai kan rage shi. Da Malin Ernberg ta Suwidin da abokan aikinta suka kwatanta ta da allurar ruwan gishiri a 2011, ba tare da marasa lafiyar sun san wacce aka yi musu ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wasu gwaje-gwajen sun sami amfani, amma ƙanana ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙashi. Ƙashi na bukatar jan tsoka don ya riƙe ƙwarinsa, kuma binciken da aka yi kan zomaye a Jami'ar Washington ya nuna kan muƙamuƙi na zaizayewa bayan allurar. Wanda zai riƙa komawa duk bayan 'yan watanni, shekara da shekaru, ya cancanci a gaya masa haka kafin ya miƙa kumatunsa.

Har yanzu hukumar Amurka ba ta amince da Botox don wannan ciwo ba, likita ne ke bayarwa bisa ganinsa. A Disambar 2023 mujallar likitanci ta BMJ ta fitar da jagora kan ciwon muƙamuƙi mai daɗewa, inda masana suka karkata ga a guji allurar, suka fifita motsa muƙamuƙi da miƙar da shi, tausar wuraren da tsoka ta ƙulle, da koya wa marar lafiya yadda zai sarrafa ciwon da damuwarsa.