Lokacin da Kano ke sauraron 'yan sama-jannati

A ranar 20 ga Fabrairun 1962, sa'ad da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, Kano na cikin wuraren da suka kasa kunne suna jiran muryarsa. Hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a can, domin a wancan zamani rediyon kumbo ba ya kaiwa ko'ina sai tashar da ke ƙarƙashinsa, ita ma na 'yan mintoci. Dole aka jera tashoshi a faɗin duniya. Idan kumbo ya wuce tsibiran Kanari sai Kano ta karɓe shi, ta naɗi bugun zuciyar matuƙin da lafiyar na'urori, kafin ya nufi Zanzibar.

Tafiyar Glenn ba ta cika awa 5 ba, amma ta zarce ta Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet, wanda ya yi minti 108 a 1961. Daga nan gasar ta koma kan wanda zai fi daɗewa. Valery Bykovsky na Sobiyet ya yi kusan kwana 5 a 1963, Amurka kuma ba ta kamo shi ba sai a Agustan 1965, lokacin da Gordon Cooper da Pete Conrad suka yi kusan kwana 8 a kumbon Gemini 5. Da gangan aka zaɓi adadin: kwanakin zuwa wata da dawowa ke nan, kuma likitoci na son tabbatarwa jikin ɗan Adam zai jure. A Disambar shekarar Frank Borman da Jim Lovell suka kusa cika kwana 14, a matse cikin kujeru biyu, babu wanka, babu wurin miƙe ƙafa. Duk wannan ya faru Kano tana cikin jerin tashoshin, kuma abin takaici ne yadda ba kasafai ake koya wa yaranmu shi a makaranta ba.

Inda babu nauyi ƙashi yana zaizayewa, tsoka tana saki. Shi ya sa Valeri Polyakov, wanda likita ne, ya mayar da kansa abin gwaji a tashar sararin samaniya ta Mir daga Janairun 1994 zuwa Maris 1995, kwana 437 a tafiya guda. Oleg Kononenko kuwa ya tara kwana 1,111 a tafiye-tafiye 5.

Na'urori sun fi mutane nisa da daɗewa ƙwarai. Voyager 1 ya tashi a 1977, har ya fice daga yankin iskar rana a 2012 yana aiko da bayanai. Tauraron ɗan Adam na Najeriya na farko, NigeriaSat-1, an harba shi a 2003 da lissafin shekara 5, sai ya yi aiki har 2012. NigComSat-1 kuma, wanda aka sa wa ran shekara 15, ya mutu a Nuwamban 2008 bayan wata 18, saboda faranten da ke samar masa wuta daga hasken rana sun lalace.