Daga Jefawa zuwa Dangwale: Tarihin Kaɗa Ƙuri'a a Nijeriya da Kalmomin da Ya Haifar

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun sauye-sauyen da tsarin kaɗa ƙuri'a ya samu a Nijeriya, da yadda kowane sauyi ya bar gurbinsa a bakin Bahaushe. Ita kanta kalmar ƙuri'a ararriya ce daga Larabci, inda take nufin fid da rabo ta hanyar sa'a.

Zamanin Akwatuna

A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara akwatinsa daban, an manna masa alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwar manja ta AG. Mai zaɓe ba ya rubuta komai; kewaye yake shiga ya jefa takardarsa a akwatin da ya so. Aikin ya yi daidai da lafazin "jefa ƙuri'a". Illarsa kuwa, mutum na iya fitowa da takardar a aljihu ya sayar.

Zamanin Dangwale

A 1979, zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka shiga, hukumar FEDECO ta tara alamomin jam'iyyu biyar a takarda guda, ciki har da mabuɗin PRP da gida da masarar NPN. Babban yatsa da tawada suka karɓi aikin, sai "dangwala" ta shiga harshen siyasa. Tawadar da ta malala zuwa gurbin wata jam'iyya kuwa, ita kan haifar da "lalatacciyar ƙuri'a".

Ƙato Bayan Ƙato

A zaɓen ƙananan hukumomi na 1990, hukumar NEC ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta sa masu zaɓe yin layi bayan hoton gwaninsu, a ƙirga su a bainar jama'a. Hausawa suka raɗa wa tsarin suna "ƙato bayan ƙato". Ya rage aringizo, amma ya tona asirin talaka a gaban maigidansa. Don haka ranar 12 ga Yuni, 1993 aka gwama biyun: dangwale a asirce, jefawa a fili.

Kammalawa

A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 suka cunkusu a takarda guda, kafin su ragu zuwa 18 a 2023. Abin lura shi ne, tun 1959 alama ce ke magana da mai zaɓe, ba rubutu ba. Wajibi ne masana harsunanmu su tattara waɗannan kalmomi, su kuma sa baki wajen tsara takardar, domin wanda ya kasa gane gurbin jam'iyyarsa an hana shi zaɓe ko da ya dangwala.