Taku Ɗaya Zuwa Ciki: Asalin Sauya Gurbi A Katangar Ƙwallon Amurka

Wanda ya saba kallon Firimiya a gidan kallo, ranar da ya fara ganin ƙwallon Amurka sai ya ɗauka kokawa ce ta ɓarke a fili. Amma duk wanda ya tashi a Babban Duhu ko wani gari na Batsari da Safana, ya kuma yi langa a dandali, ba zai sha wuyar gane ta ba. Akwai mutum ɗaya da ake karewa, sauran kuma aikinsu su tare masu son kayar da shi. Wanda ake karewa a wannan wasa shi ne kwatabak, madugun da ke jefa ƙwallo. Masu kare shi ƙarti biyar ne: ɗan tsakiya mai miƙa ƙwallo, gad biyu a damansa da hagunsa, sai takul biyu a bakin sahu.

Tazarar da ke tsakanin gad da takul ba ta wuce taku ɗaya ko biyu ba. Duk da haka an fi shekara 130 masu horarwa suna kai mutane da komo a kan wannan 'yar tazara. Abu uku ne suka riƙa juya al'amarin: dokar wasa, inda haɗari yake ɓullowa, da kuma kuɗi.

Wasan farko tsakanin jami'o'in Amurka an yi shi ne ranar 6 ga Nuwamba, 1869, Rutgers da Princeton, kowane ɓangare mutum 25. A lokacin babu sahu, babu gurbi. Daga baya ɗalibai suka karkata ga zari-rugar Ingila, har zuwa 1880 da Walter Camp na jami'ar Yale ya sa aka rage 'yan wasa zuwa 11, aka kuma shata layin da ɓangarorin biyu za su tsaya suna fuskantar juna kafin a saki ƙwallo. A 1882 aka ƙara dokar cewa dole ƙungiya ta ci yadi 5 cikin yunƙuri 3, ko ta rasa ƙwallon. Daga nan kowa ya sami wurin tsayuwarsa, gad da takul suka zama guraben da aka sani.

Ba a daɗe ba aka fara taɓa su. William Heffelfinger, gad ɗin Yale daga 1888 zuwa 1891, shi ake dangantawa da dabarar ficewa daga sahu da gudu, a zagaya gefe a share wa mai ɗauke da ƙwallo hanya. Shi ne kuma mutum na farko da aka tabbatar an biya shi don ya buga wasan, dala 500 a 1892. A shekarun 1890 George Woodruff, mai horar da jami'ar Pennsylvania, ya zo da wani salon: ya janye gad biyun daga sahu ya ajiye su a baya, su taho da gudu su afka wa wuri ɗaya. Yale ta mayar da martani da janye takul maimakon gad, da haka ta gama kakar 1900 ba a doke ta ba.

Wannan salo ya ci wasanni, ya kuma ci rayuka. A kakar 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, ya ce a gyara. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka mayar da tazarar da ake nema yadi 10. A 1910 aka wajabta mutum bakwai su tsaya a kan layi kafin a saki ƙwallo. Wannan doka ce ta kafe gad da takul a sahu. Tun daga lokacin, in za a sauya wa mutum gurbi, sai dai a matsar da shi ciki ko waje.

Har wajen tsakiyar ƙarni na 20 bambancin bai yi zurfi ba, domin mutum ɗaya ne ke kai hari ya kuma dawo ya yi tsaro. Sai a 1950 da gasar ƙwararru ta NFL ta tabbatar da dokar canjin 'yan wasa ba adadi, kowa ya kama sana'a ɗaya. A nan ayyukan biyu suka rabu sosai.

Takul yana aiki ne a sarari. Sau da yawa babu kowa a gefensa na waje, abokin karawarsa kuwa mai gudu ne da ke son zagaye shi. Don haka da an saki ƙwallo sai ya ja da baya a karkace, yana jan ƙafa ba tare da ya harɗe ta ba, ya miƙa hannu ya tare mutum tun daga nesa. Shi ya sa masu neman 'yan wasa ke auna tsawon hannu: wanda nasa bai kai inci 33 ba, da wuya a bar shi a gefe. Gad kuwa a matsi yake, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtansa. Wanda ke gabansa ya fi nauyi, kuma kafin ƙiftawar ido an yi karo. Abin da ake so a wurinsa ƙarfin ƙugu da cinya, saurin kai hannu, da iya ficewa da gudu idan an kira irin dabarar Heffelfinger. Mai jinkirin ƙafa zai iya ɓuya a ciki, amma a gefe asirinsa tonuwa yake.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna ana iya gwanancewa a duka biyun shi ne Jim Parker. Gad ne a jami'ar Ohio State, amma da Baltimore Colts ta ɗauke shi a 1957 sai ta sa shi takul na hagu don ya tsare bayan madugunta Johnny Unitas. Suka ci kofi a 1958 da 1959. A 1962 aka mayar da shi gad, ya ci gaba da shiga jerin gwanayen shekara kamar ba a taɓa shi ba. A zamaninsa babu wanda ke ganin komawa ciki a matsayin faɗuwa, domin albashin kusan ɗaya ne, kuma bai taka kara ya karya ba.

Abu biyu suka sauya wannan. A 1978 aka yarda masu tarewa su miƙe hannu su buɗe tafi, sai dogon hannu ya yi daraja. A 1981 kuma New York Giants ta ɗauki Lawrence Taylor, mai farautar madugu daga gefen hagu, inda madugu mai jifa da dama ba ya gani. A Janairun 1982 Bill Walsh, mai horar da San Francisco 49ers, ya rasa takul ɗin da zai iya da shi, sai ya sa gad ɗinsa John Ayers ya riƙa fita daga ciki yana tarbarsa. Dabarar ta yi aiki a ranar, amma ba ta zama magani ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1985, Taylor ya karya ƙafar Joe Theismann, madugun Washington, ana kallo kai-tsaye a talabijin. Takul ɗin Washington na hagu, Joe Jacoby, yana jinya a ranar, gad ne Russ Grimm aka matsar ya riƙe masa wurin. Theismann bai sake buga wasa ba.

Da aka ba 'yan wasa 'yancin sauya ƙungiya a 1993, kasuwa ta faɗi farashin wannan darasi. Indianapolis ta ba takul na hagu Will Wolford dala miliyan 7.65 na shekara 3, kuɗin da ya ba kowa mamaki. Daga nan takul ya zama babban gurbi, gad ya zama ko dai makarantar share fage ko mafaka. Jonathan Ogden ya yi shekararsa ta farko a Baltimore Ravens, 1996, a matsayin gad kafin a fitar da shi gefe. Robert Gallery kuwa, wanda Oakland ta ɗauka na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2004, gefen ne ya gagare shi, sai a ciki ya sami natsuwa.

Ɗan asalin Najeriya na cikin waɗanda suka ɗaga darajar gad. Kelechi Osemele, haifaffen Houston, takul ne a jami'ar Iowa State, kuma a takul na dama ya buga wa Ravens dukkan wasanni 16 na kakar 2012. Da aka zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale sai aka yi garambawul: Bryant McKinnie ya shigo hagu, Michael Oher ya koma dama, Osemele ya matsa ciki ya zama gad na hagu. Da wannan sahu suka doke San Francisco 34 da 31, suka ɗauki kofin Super Bowl ranar 3 ga Fabrairu, 2013. A 2016 Oakland ta ba shi kwantiragin dala miliyan 58.5 na shekara 5, mafi tsoka da aka taɓa ba gad zuwa lokacin. Dalili kuwa haɗari ya sauya hanya. Madugai sun koyi sakin ƙwallo da wuri, masu tsaro irin su Aaron Donald suka koma kutsawa ta tsakiya, inda hanya ta fi kusa. Ƙungiyoyi suka fara ɗaukar gwanayen takul na jami'a da niyyar mayar da su gad tun ranar farko, kamar yadda Dallas ta yi da Zack Martin a 2014.

Wasan Super Bowl na 9 ga Fabrairu, 2025 ya haɗa sauyin iri biyu a fili ɗaya. Philadelphia ta zo da Mekhi Becton, takul ɗin da rauni ya dakushe a New York Jets, ta mayar da shi gad na dama. Kansas City kuma ta fitar da gwanin gad ɗinta Joe Thuney zuwa takul na hagu, saboda ta rasa mai riƙe wurin. Ta toshe ƙofa ɗaya ta buɗe wata: aka kayar da madugunta Patrick Mahomes sau 6, Philadelphia ta ci 40 da 22.

Wannan tarihi ya fara shafar matasanmu. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan Giants, ya shiga neman dogayen samari a Najeriya, kuma ta hanyarsa Roy Mbaeteka ya sa hannu da Giants a 2022 ba tare da ya taɓa buga wasan a makaranta ba. Chukwuebuka Godrick ya bi sahu zuwa Kansas City a 2023, NFL kuma ta yi sansanin gwaji a Legas a 2024. Su biyun a takul aka fara koya musu aiki, saboda tsawo da dogon hannu. Dalilin a bayyane yake: wanda ya iya tsayuwa a gefe yakan iya komawa ciki ya ci abinci, amma wanda ya saba da ciki ba kasafai yake tsira a gefe ba.